Yadda za ki dasa reshen kariya a tukunya

Masu tambaya ta batun furen peony, wallahi kar ki ɓata kuɗinki a Yamai, shi sai ya sha sanyin ƙanƙara na makonni kafin ya yi fure. Kariya ita ce tamu, wadda ake ce ma rose du désert.

Da farko ki duba irin. Ta daji furenta ganye 5 ne, ruwan hoda. In kin ga fure ninki-ninki to haɗin aure ne, wato an manna reshen wani iri a kan wani, yawanci irin Tailan, duba reshen za ki ga tabon inda aka manna shi.

Sai ki yanko reshe kamar santimita 20 da wuƙa mai kaifi. Ki sa leda a hannu fa, ruwanta dafi ne, mafarauta har a kibiya suke shafa shi, kar yara su taɓa.

Ki aje shi a inuwa kwana 3 bakin ya bushe.

Sai ki dasa shi a tukunya mai huda a gindi, cikin rairayi da garin gawayi da ɗan busasshen taki. Ruwa kuma kaɗan kaɗan, sai ƙasa ta bushe ƙarau, ni tawa ta farko da damina ta ruɓe don kullum ina zuba mata, na taɓa gindin na ji luɓus, har yau abin na min ciwo.