Yadda Ake Gyaran Eskaleta, Kujerar Hawa Bene da Ƙaramin Lif Ba Tare da An Ji Ciwo Ba

A Kaduna, maganar da ta fi jefa mai gyaran lif cikin hatsari ita ce wadda kowa ya saba ji: "Ai an ɗauke wuta." Yaro ya leƙa ya ga fanel a mace, oga ya ce to shiga mu yi sauri kafin a kawo. Amma otal ko asibiti ko babban kantin da ya iya sa lif ba ya dogara da layin Kaduna Electric kaɗai. Akwai janareta, wani ma mai tashi da kansa cikin 'yan daƙiƙu, akwai canjoba, wato makunnin sauya wuta tsakanin layi da janareta, wasu gine-ginen kuma sun ƙara sola da inbata. Injin da ka tarar shiru yana iya motsawa hannunka na cikin sarƙa. Saboda haka ɗauke wuta ba ya cikin lissafi. Inji ya mutu ne kawai idan kai ka kashe shi, ka kulle, ka gwada.

Kafin a buɗe komai

A je mutum biyu, kada a yi wannan aiki shi kaɗai. Ka fara ganin manajan gini, sannan ka nemi wanda ke tada janareta, wanda sau da yawa maigadi ne, ka gaya masa baki da baki cewa ana aiki. Ka tambayi abin da injin ya yi kafin ya tsaya: ƙara ce, ƙauri ne, ko tsayawa yake yana tashi?

Kaftani da babbar riga da hirami su zauna a mota. Haka zobe, agogon ƙarfe da carbin da ke lilo daga aljihu. Abin da ake so shi ne rigar aiki mai kama jiki, takalmin sefti, hular kwano idan za a shiga rijiyar lif, wato ramin da yake hawa da sauka a ciki, da tocilar goshi don hannu biyu su zama a sake.

Sai shinge. A eskaleta, wato matakala mai tafiya da kanta, ana tare sama da ƙasa duka, da shinge mai tsayuwa da kansa wanda yaro ba zai kutsa ta ƙarƙashinsa ba. Kujerar roba da igiya ba shinge ba ne. A lif kuwa, kowane hawa sai an liƙa masa sanarwa a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci. Masu walda na Panteka za su ƙera maka shingen ƙarfe mai naɗewa da zai yi shekaru, kuma kuɗin bai kai na jinyar ƙafa ɗaya ba.

Kashewa, kullewa, gwadawa

Ka tsayar da injin ba kowa a kai. Ka kashe babban makunninsa, ka ɗaura masa kwaɗonka, makullin ya shiga aljihunka. Idan ku uku ne, kwaɗo uku ne, kowa da nasa, kuma ba mai cire na wani. Ka rataya kati mai sunanka da lambar wayarka da kwanan wata. Salatif da aka manna a kan bireka ba ya hana kowa komai.

Yanzu gwaji, kuma a nan ne ake yawan ha'inci. Testar sukudireba mai ɗan haske ba ta isa ba. Ka ɗauki mita, ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san yana da wuta don ka tabbatar tana aiki. Sannan ka auna layukan injin: tsakanin layi da layi sau uku, kowane layi da nutural, kowane layi da at, wato wayar ƙasa, sai nutural da at. Awo goma ke nan. Ka koma soket ɗin farko ka sake gwada mitar, domin mitar da batirinta ya mutu a tsakiyar aiki sifili za ta nuna maka a kan wayar da ke ɗauke da bolt 415.

Ko bayan haka akwai sauran ƙarfi a ɓoye. Na'urar sarrafa gudun motar injin, wadda ake kira dirayib, tana da kafasitoci da ke riƙe sama da bolt 550 bayan an kashe wuta. Ka jira iya mintunan da aka rubuta a jikinta, yawanci biyar zuwa goma sha biyar, sannan ka auna kafin ka taɓa. Fitilar cikin lif da ta rijiya da soket ɗin rami galibi a wani layi daban suke, babban makunni bai kashe su ba. Abu na uku ya fi su haɗari a ƙasar nan: saboda yawan ɗauke wuta, lif da yawa suna da na'urar ceto mai batir, wadda da zarar ta ji wuta ta yanke sai ta ja akwatin lif zuwa hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa. Idan ka kashe wuta daga birekar da ke can ɗakin canjoba, na'urar za ta ɗauka NEPA ce ta yi halinta, ta motsa lif kana ciki. Ka kashe ta ita ma, ka tabbatar.

Eskaleta

Murfin ramin sama da na ƙasa suna da nauyi da kaifin baki. A ɗaga da ƙugiyarsu, mutum biyu, a kwantar da su a ƙasa cikin shinge, kada a jingina su da gilashi. Da ka sauka rami ka danna jan maɓallin tsayarwa da ke ciki, ko da ka riga ka kulle wuta.

Shara ce farkon aiki. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana haɗuwa da mai da giris da zaren tufafi da ledar alewa, ta zama dunƙule mai kama wuta. Gobarar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a Landan, ranar 18 ga Nuwamba 1987, daga irin wannan datti ta tashi a ƙarƙashin eskaletar katako, ta kashe mutum 31. Ka kwashe da injin zuƙar ƙura da tsumma, ka zubar da man da ya taru a tire. Kada ka wanke sarƙa da fetur. Da damina kuma ka duba ramin ƙasa: in ruwa ya kwanta, a kwashe shi wuta na kulle, a busar da makunnan kafin a yi maganar tayarwa.

Cire matakai shi ne aiki mafi hatsari. Matakan eskaleta zobe ɗaya ne da ke zagaye a kan sarƙa, nauyin na sama yana daidaita na ƙasa. Ka cire da yawa a wuri guda, ma'auni ya karkace, zoben yana iya zamewa da kansa ba wuta, musamman idan an saki birki. Don haka ka cire iya adadin da littafin kamfani ya yarda, ka kuma ɗaure sarƙar da abin kulle ta kafin ka taɓa birki ko giya ko sarƙar mota. Birki kaɗai ba abin dogaro ba ne ga mutumin da ke cikin inji.

Idan dole sai an juya injin don kawo wani mataki wurin aiki, kowa ya fito, a cire kwaɗo, a jona akwatin gwaji mai waya, wanda sai kana danne da maɓalli yake tafiya, ka saki ya tsaya. Mutum ɗaya ke riƙe shi, yana ganin ramin da aka buɗe da idonsa. Kafin ya danna ya faɗi da ƙarfi, "Zan juya sama," ya jira abokin aiki ya amsa. Ba a tsayawa a kan matakai ana juyawa alhali akwai giɓi. An gama juyawa, kwaɗo ya koma. E, sau goma in ta kama. Gajiya da wannan kai-komo ita ce ke cin yatsu.

Ga awon da ake dubawa bisa ƙa'idar Turai ta EN 115, wadda manyan kamfanoni ke ƙera injinansu a kai. Tazara tsakanin mataki da bangon gefe kada ta wuce milimita 4 a kowane ɓangare, jimillar ɓangarorin biyu kuma kada ta wuce 7; nan ne silifas ɗin roba da bakin abaya ke maƙalewa. Tsakanin mataki da mataki, milimita 6. Haƙoran mataji, wato farantin da matakai ke shigewa ƙarƙashinsa, su nutse cikin tsagar mataki aƙalla milimita 4, kuma guntun da haƙoransa suka karye a canza shi. Robar riƙewa ta tafi daidai da matakai ko ta ɗara su da abin da bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. In tana ja baya, tsoho zai faɗi ta baya. Injin da ke gudun rabin mita a daƙiƙa, idan aka danna tsayawa, ya tsaya tsakanin santimita 20 da mita ɗaya. Ƙasa da haka zai watsar da mutane, sama da haka birki ya gaji ko mai ya taɓa shi.

Kujerar hawa bene

Wannan ita ake sa wa Alhaji ko Hajiya da ciwon gwiwa ko shanyewar ɓarin jiki ya hana hawa sama, a gidajen bene irin na Malali da Unguwar Rimi da Barnawa. Ƙarama ce, gudunta ba ya wuce santimita 15 a daƙiƙa, shi ya sa ake raina ta. Yawancinsu da batir suke tafiya, guda biyu masu bolt 12, wutar gida caji kawai take yi. Ka zare filogi daga bango, kujerar na nan da ranta. Ka sauko da ita ƙasa, ka cire makullinta, ka kashe makunnin batir da ke jikinta, sannan ka kwance wayar batir, baƙar tukuna. Sifana ta haɗa kawunan batir biyu, za ta yi jajir ta ƙona hannu.

Batir biyun tare ake canzawa, don tsoho yana kashe sabo. In suna yawan mutuwa, ka duba ko ana ajiye kujerar a wurin cajinta, ko kuma ana kashe soket ɗin da dare. Kada ka kwance mota ko giya kujerar na tsakiyar bene, domin su ne ke riƙe ta a kan dogo. Ka cire su, ta gangaro da nauyinta. Ka goge dogon da busasshen tsumma, ka sa mai kaɗan inda littafi ya ce kawai, giris mai yawa ƙura yake tarawa. Ka ɗaure notocin ƙafafun dogo. Daga nan ka gwada faifan tsaro na matakin ƙafa da na gefen mota ta hanyar tare su da katako, ka juya mazaunin ka ga ta ƙi tashi, ka duba bel ɗin ɗaure mai zama. Kai za ka fara hawa, sama da ƙasa, kafin mai gida. Jikoki kuwa a fitar da su daga wurin tun farko.

Ƙaramin lif

Lif ɗin abinci da kaya na otal da asibiti ba a yi shi don mutum ba: a ƙa'idar EN 81-3 kayansa ba sa wuce kilo 300, tsayin akwatinsa ba ya wuce mita 1.2. Ba a shiga cikinsa, ba a hawa kansa. Yadda yake raunata mutane iri ɗaya ne kullum: mai gyara ya zura kai ko hannu cikin rijiya, wani a kicin ɗin sama ya danna kira. Kwaɗo tukuna, sannan leƙe. In za ka yi aiki ƙarƙashin akwatin, ka tokare shi da ƙarfen da zai ɗauki nauyinsa.

A ƙaramin lif na mutane, kafin ka hau saman akwati ka gwada abu uku ɗaya bayan ɗaya: buɗe ƙofar hawa da makulli mai kusurwa uku yana tsayar da shi, jan maɓallin sama yana hana shi amsa kira, makunnin gwaji ma haka. Kana tafiya a sama, ka tsaya tsakiya, ka tuna ƙarfen nauyi, wanda ke sauka idan akwati na hawa, zai gifta ka a rabin hanya. Ƙarfen nan ya fi akwatin da ba kowa nauyi, don haka in ka saki birki da hannu lif sama zai yi. Lif mai aiki da matsin mai kuwa ƙasa yake zamewa idan bawul ko tiyo ya saki, saboda haka ba a shiga raminsa sai an kafa tokara, kuma ba a laluben yoyon mai da yatsa, matsinsa yana huda fata.

Wayar gada, wadda ake ce wa biriji, da ake tsallake makunnin tsaro da ita lokacin neman matsala, ta zama mai launi mai ɗaukar ido, ka san adadin da ka zo da su. Wadda aka manta a kan makullin ƙofa tana sa lif ya tashi ƙofa a buɗe. Takalmin birki, makullin ƙofa da igiyar ƙarfe kuma a sayi na kamfanin injin, ko da za a jira kaya daga Legas.

Mayar da inji aiki

In an kira azahar aiki bai ƙare ba, a rufe rami ko a bar mutum ɗaya a bakinsa, kwaɗo na nan a maƙale. Idan an gama, ka ƙirga sifanu da tsummoki da wayoyin gada, ka mayar da kowane murfi, ka kira sunan kowa ka gan shi a waje, sannan kowa ya cire kwaɗonsa. Ka tayar ba kowa a kai, sama da ƙasa, ka danna kowane maɓallin tsayarwa. Ka sa a juya canjoba zuwa janareta ka sake gwadawa: in an taɓa wayoyin janareta ko taransifoma, jerin layuka na iya juyewa, kuma na'urar da ke lura da hakan ya kamata ta hana injin tashi.

Ka rubuta a littafin injin kwanan wata, abin da ka auna da lambobinsa, abin da ka canza da abin da ya rage. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tanadi a yi wa lif cikakken bincike duk wata shida, kuma wannan littafi mai binciken zai fara nema. Idan ka tarar da birki ko makullin ƙofa da ba ka yarda da shi ba, ka bar injin a kulle, ka rubuta dalili, manaja ya sa hannu, ko da ana biki a otal ɗin ranar.