Yadda Uwa Za Ta Rage Ƙiba Lokacin Hutun Yara a Legas

Hutun makaranta ne ke rusa shirin yawancin iyaye mata. Yara suna gida, tukunya ba ta sauka daga kan wuta, ga biki da suna daga Agege zuwa Idi-Araba kusan kowace Asabar. Don haka kada ki ɗora wa kanki dogon buri. In aka koma makaranta ƙugunki bai ƙaru ba, kin ci riba. In kuma kina sauke rabin kilo a mako, madalla.

Fara da awo. Ɗauki tef ɗin tela ki zagaya cikinki ɗan sama da cibiya. Abin da ake so kada ya kai rabin tsawonki: mai tsawon santimita 160, ƙugunta ya tsaya ƙasa da 80. Sau ɗaya a mako ya isa.

Sai abin sha, kuma a ganina nan ne babbar ɓarnar take. Kwalbar lemo ta 35cl tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne babba ya tsaya wajen cokali 6 a yini. Kwalba ɗaya a wurin biki ta riga ta wuce da ke. Maltina ma ba magani ba ce, ko da ana kai wa mara lafiya ita. Zoɓo da kunun aya ki haɗa da kanki, citta da kanumfari su yi yawa, sukari kaɗan. Shayin safe kuwa, wanda ake kaɗawa da kauri a tsoma burodin Agege, ki rage burodin zuwa yanka biyu da dafaffen ƙwai.

Kada ki raba tukunya. Wadda ta ce za ta dafa nata daban, kafin mako ya zagayo ta gaji. Abincin gida za ki ci, sai dai ki sauya rabo: malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi tuwo yawa, kabeji da alayyafo da karas su cinye rabin faranti. A kasuwar Mile 12 sun fi araha in an saya da yawa. Mai kuma a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan.

Ga wani abu da ba a lissafawa: ragowar yara. Autanki ya bar rabin indomi da soyayyar ayaba, kin ce kada a yi almubazzaranci, kin share a tsaye gaban murhu. Rufe shi ki ajiye masa, zai nema kafin la'asar.

Tafiyar ƙafa ta fi daɗi bayan sallar asuba, kafin rana da hayaƙin danfo. Minti 30 sau biyar a mako ya ba ki minti 150 da likitoci ke so. Ranar fita da yara, ki zaɓi inda ake taka ƙasa, kamar wuraren shaƙatawa na Alausa ko Lekki Conservation Centre mai doguwar hanyar katako cikin daji. Ki tafi da ruwa da gyaɗa don cunkoson hanya, lokacin da masu talla ke miƙo biskit ta taga. A Lekki dai a ɓoye ledar, birai na fizgewa.

In hutun Arewa za a je, ki shirya jin "Ko ba ki da lafiya ne?" Kada ki yi gardama da surukarki. Ki ci kaɗan, ki yaba, ki ce, "Inna, a ajiye mini sauran zuwa anjima."

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a intanet ki bar shi. Yawanci gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita. Mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai juna biyu ko shayarwa, ta fara ganin likita kafin ta taɓa abincinta.