Yadda ake haɗa tebur mai taya da durowa don injin wasa ƙarfe mai bel

Wanda ya haɗa injin wasa ƙarfe da hannunsa, irin mai cin bel na inci 2 a faɗi da inci 72 a tsawo, ya san nauyinsa ba na wasa ba ne. Nawa ya shekara a kan benci, kullum sai mun ciccibe shi mu biyu zuwa bakin ƙofa saboda ƙura. Bayana ne ya gaji, na yi masa tebur.

Kafin ka yanka komai, auna tsayi da jikinka. Tsaya kamar kana wasa wuƙa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Inda hannunka ya tsaya, nan ya kamata wurin ɗora aiki ya zo. Daga wannan awon sai ka cire tsayin injin daga gindinsa zuwa wurin ɗora aiki, da na taya, da kaurin saman tebur, abin da ya rage shi ne tsawon ƙafafu. Mutane da yawa suna manta taya, sai tebur ya fito ya fi su tsayi.

Firam ɗin ka yi shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 40. Kada ka matse gindinsa: santimita 60 a faɗi da 80 a tsawo ya isa, domin tebur siriri mai nauyi a ka, tsakuwa ɗaya ce za ta kifar da shi. Ɗiga walda a kowace kusurwa tukuna, sannan ka ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, cika waldarka. In ka yi gaggawa, zafi zai ja ƙarfen ya karkace, kuma durowa ce za ta tona maka asiri.

Taya ka sayi ta inci 4, biyu aƙalla masu birki. Da kusa mai noti za ka ɗaura su, don ranar canji. Sama kuma katakon filawud milimita 18, ninki biyu, a lulluɓe da falle na ƙarfe. Yanki tsohon tif na mota ka sa a ƙarƙashin injin, yana rage jijjiga.

Durowa ita ce ke cin lokaci. Layin da take gudu a kai, mai ƙananan boris, yana son rabin inci a kowane gefe, wato akwatin ya gaza ramin da inci guda cif. Yi uku: ta sama marar zurfi don sufana da tabarau, ta tsakiya don tayoyin canji na injin, waɗanda bel ke zagayawa a kansu, ta ƙasa mai zurfi don duk wani abu mai nauyi. Wannan nauyin na ƙasa shi ke riƙe teburin.

Kuskuren da na yi, na sa bakin durowa daidai inda tartsatsi ke zuba. Sati biyu garin ƙarfe ya cika layin, har tsumma ya taɓa kamawa da wuta a ciki. Juya durowoyin su buɗe ta gefe, ka rufe gaban da falle, ka rataya bokitin ruwa a ƙarƙashin bel. Bel ɗin da ba ka aiki da su kuwa kada ka cusa su a durowa, maƙala ƙugiya mai faɗi a baya ka rataye su. Sai jan fenti na hana tsatsa, ka bar shi ya kwana kafin ka ɗora injin.