Yadda Ake Ɗaukar Hoton Namun Daji da Tsaunuka a Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a bakin iyakar Kamaru, kuma tun 1991 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa. A cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a ƙasar nan, mai mita 2,419. Abin da ya shafi mai kyamara shi ne ƙasar wurin iri uku ce. Arewaci, wajen Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Kudanci, wajen Gashaka, kurmi ne mai duhu da ƙoramu. Kan tsaunuka kuwa ciyawa ce da iska da sanyi. Kowanne da irin haskensa, kuma saitin da ya yi maka aiki a ɗaya zai lalata maka hoto a ɗayan.

Fara da zaɓen lokaci

Damina a yankin doguwa ce, daga wajen Afrilu har Nuwamba, koguna su cika su yanke hanya. Shi ya sa ake zuwa tsakanin Disamba da Maris. Amma a cikin ranin ma akwai zaɓi. Idan tsaunuka kake so, je a farkon Disamba, ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma hazo bai yi kauri ba. Idan dabbobi kake nema, Fabrairu da Maris sun fi: ciyawa ta kwanta ko an ƙone ta, ido na kaiwa nesa, namun daji kuma sun koma bakin ruwa. Sai dai a lokacin ƙura da hayaƙin gobarar daji suna rufe nesa.

Hedikwatar gandun tana Serti, ana bin hanyar Jalingo zuwa Bali kafin a kai. Can za ka karɓi izinin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandun da zai raka ka. Ka tuntuɓe su tun kana gida, ka tambayi halin hanya da na tsaro da kuɗin shiga da kyamara. Ka gaya wa ɗan rakiyar tun da dare cewa hoto ka zo ɗauka, domin tafiyar mai hoto daban ce: a fita da asuba, a yi tafiya kaɗan, a daɗe a zaune.

Kayan da za ka ɗauka

Yawancin tafiyar da ƙafa ce, hawan Chappal Waddi kuma kwanaki yake ci, saboda haka duk abin da ka saka a jaka sai ka ji shi a kafaɗa. Kyamara ɗaya da gilashi biyu sun isa: gajere mai 18–55mm na fili da tsauni, da dogo mai zuƙowa, 70–300mm, na dabbobi. Ƙasa da 300mm tsuntsu zai fito maka ɗan ɗigo a tsakiyar hoto.

Batir uku aƙalla, da fawa bank mai 20,000mAh, don babu inda za ka yi caji a cikin daji. Memori biyu masu 64GB sun fi guda ɗaya mai 128GB, saboda idan ɗaya ta lalace ba duka aikinka ya tafi ba. Ka haɗa da 'yar robar hura iska ta share ƙura, ƙyalle mai laushi na goge gilashi, leda mai zif, da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Maɗorin kyamara mai ƙafa uku yana da amfani sosai ga hoton asuba. Idan ba ka da shi, cika safa da wake ko shinkafa kamar kilo ɗaya, ka ɗaure bakin, ka riƙa ɗora ta a kan dutse ko kututture kana kwantar da kyamarar a kai.

Tufafi su zama ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Shuɗi da baƙi suna jawo ƙudan tsando, fari kuma dabba na hango shi daga nesa. Kada ka shafa turare. Dare a kan tsauni akwai sanyi na gaske, sanyi kuma yana zuƙe batir, don haka ka kwana da su a aljihun rigar da ke jikinka.

Saitin hoton dabba

Abu uku ke haɗa hasken hoto: saurin ƙiftawar kyamara, faɗin ƙofar hasken gilashi wadda ake rubutawa da f, da ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta karɓa. A hoton dabba saurin ƙiftawa ne kan gaba, don yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi motsi ne ya ɓata su, na dabbar ko na hannunka. Juya kyamara zuwa S, ko Tv idan Canon ce, wato saitin da kai ke zaɓen saurin ƙiftawa, ka bar ISO ta zaɓi kanta. Da gilashi a 300mm kana riƙe da hannu, kada saurin ƙiftawa ya yi ƙasa da 1/500 na daƙiƙa ko da dabbar a tsaye take. Mazo ko gadu mai tafiya, 1/1000. Tsuntsu a sama ko biri mai tsalle, 1/2000.

A fili wannan ba wuya. Wahalar tana cikin kurmi, inda ko da tsakar rana hasken kaɗan ne. Buɗe ƙofar hasken iya buɗewarta, wanda a irin wannan gilashi f/5.6 ne ko kusa da haka, ka ƙyale ISO ta hau 1600, 3200, har 6400 in ta kama. Masu koyo suna tsoron ISO mai yawa saboda ɗigo-ɗigon da take sawa. To ɗigo-ɗigo ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza babu manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata.

Matsala ta biyu a kurmi ita ce ganye. Idan ka bar kyamara ta zaɓi inda za ta yi fokas, reshen da ya fi kusa da kai za ta kama, birin ya fito a dushe. Mayar da ita kan ɗigon fokas ɗaya tak, ka ɗora ɗigon a idon dabbar. Idan ido ya fito tas, sauran jiki ko ya ɗan yi laushi hoton ya yi. Ga dabba mai motsi sa AF-C, ko AI Servo a Canon, wato fokas mai bin motsi, ka riƙa ɗaukar uku zuwa biyar a jere maimakon ɗaya.

Birin kolobus, mai baƙi da fari da doguwar wutsiya, yana zama can ƙololuwar itace, sama na bayansa. Kyamara za ta ga hasken sama ta rage, birin ya zama baƙin dunƙule. Nemi maɓallin +/- ka ƙara zuwa +1, wani lokaci har +2. Idan kuwa rana ce ke dukan farin gashinsa kuma bayansa ganye ne mai duhu, akasin haka za ka yi, ka rage zuwa -0.7, in ba haka ba farin zai ƙone ya zama fili babu zanen gashi. Duba hoton farko a allo, ka gyara, sannan ka ci gaba. Kashe filasha da ƙarar kyamara tun kafin ka bar masauki.

Kusantar dabba

Hanci da kunne dabba ke fara gane ka da su. Ɗebi 'yar ƙasa mai laushi ka sake ta, ka ga inda iska ta kai ta, sannan ka tunkari wurin iska na bugun fuskarka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma a cikin kwari tsauni ne ke juya ta: da sassafe iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, rana ta yi zafi ta koma hawa sama. Gefen da ya dace da ƙarfe bakwai ba lallai ya dace da goma sha ɗaya ba.

Zama ya fi bi. Tambayi ɗan rakiya inda ɓaure ya nuna ko inda ake saukowa shan ruwa, ka je kafin gari ya waye sosai, ka zauna rana a bayanka ko a gefenka, ka jingina da itace don kada siffarka ta fito fili. Minti ashirin na farko dajin zai yi tsit saboda zuwanka. Bayan nan tsuntsaye su dawo, sannan birai. Ka yi ƙasa har kyamara ta zo daidai idon dabbar. Hoton gwaggon biri da aka ɗauka a tsugune ya fi wanda aka ɗauka a tsaye rai nesa ba kusa ba. Ka kuma bar fili a gaban fuskarta, ta inda take kallo.

Idan dabba ta daina ci ta kafe ka da ido, ko ta buga ƙafa, ka matso da yawa. Tsaya cak, ka ja baya a hankali. Ɓauna da dorina ba a gwada su. A bakin kogin Kam kada ka taɓa shiga tsakanin dorina da ruwa, kuma inda ɗan rakiya ya ce a tsaya, nan za a tsaya. Ba a jefa wa birai abinci don su matso. Birin da ya saba da hannun mutum ƙarshensa ɓarna ce a gonakin ƙauyukan kusa.

Gashaka na daga cikin manyan mafakar cimfanzin Najeriya da Kamaru, babban biri marar wutsiya wanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ganinsa sa'a ce. Abin da aka fi samu shi ne ihunsu daga nesa, ko sheƙar da suke lanƙwasa rassa su yi a kan itace don kwana, ita ma hoto ce mai daraja. In Allah ya sa kun haɗu, ka bar aƙalla mita goma tsakaninku, kuma idan kana mura kada ka je wajensu sam, domin cutar numfashi ta mutum tana kama su, tana kuma kashe su.

Hoton tsauni da kwari

A Disamba da Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe shida da rabi, kuma a wannan yanki da sauri take hawa. Hasken nan mai laushi, ja-ja, bai fi rabin awa zuwa minti arba'in ba. Ka zaɓi wurin tsayuwa tun jiya da yamma, ka isa minti arba'in kafin fitowar rana, lokacin da farin hazo ke kwance a cikin kwari, kawunan tsaunuka a samansa.

Sa kyamara a A, ko Av, wato saitin da kai ke zaɓen faɗin ƙofar haske, ISO 100, f/8 zuwa f/11. Kada ka kai f/22 da nufin komai ya fito sarai, don ƙofar in ta yi ƙanƙanta da yawa hoton gaba ɗaya laushi yake yi. Ɗora ta a maɗori, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don taɓawar yatsanka ta lafa kafin ta ɗauka. Yi fokas a kan abin da ke kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin filin. Ka nemi wani abu a gaba, dutse, ko busasshen itace, ko turbar shanu mai lanƙwasa. Idan babu shi, tsaunin da ya cika maka ido zai fito ɗan tudu. Kunna layukan allo ka daidaita sararin sama kada ya karkace.

Sama mai haske da kwari mai duhu sun fi ƙarfin hoto ɗaya. Ɗauki uku ba tare da motsa kyamara ba, a -2 da 0 da +2, ka haɗa su daga baya. Ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, don shi ke ba da damar ɗago duhu ba tare da hoton ya farfashe ba.

Ranar da ƙurar hunturu ta rufe ko'ina, kada ka mayar da kyamara jaka. Cire gajeren gilashi ka sa dogon, ka zuƙo zuwa 150 ko 200mm, ka nemi inda tsaunuka suka jeru bayan juna. Na kusa zai yi duhu, na bayansa ya ɗan yi haske, na can baya ya kusa narkewa a sama. Ƙurar ce ke raba su hawa-hawa, kuma da yamma, rana na gefe, abin ya fi kyau. Gilashin folaraiza, wanda ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara, yana kashe ƙyallin ganye da na ruwa, yana ƙara wa sama shuɗi idan rana na gefenka, amma ba ya kawar da ƙura, kuma yana cin haske kusan mataki biyu, don haka ka cire shi in za ka shiga kurmi neman dabba. A ƙorama mai gudu, ƙiftawar 1/4 zuwa daƙiƙa ɗaya a kan maɗori tana sa ruwan ya fito sumul. A inuwa ake yin wannan, ko da sassafe.

Mai waya ma zai samu hoton tsauni mai kyau. Goge idon kyamarar, danna ka riƙe a allo har fokas ya kulle, ka ja hasken ƙasa kaɗan. Kada ka zuƙo da yatsu fiye da lambar da wayar ta nuna, don daga nan yanka hoton kawai take yi.

Laima da ƙura

Kyamarar da ta kwana cikin sanyi, in ta haɗu da iska mai ɗumi da laima, gilashinta gumi yake yi, wani lokaci har ciki. Kafin ka sauko kurmi ko ka shiga ɗaki mai ɗumi, saka ta a leda mai zif ka rufe, ka ba ta minti ashirin zuwa talatin. Idan ta riga ta yi gumin, bar ta a inuwa ta bushe da kanta. Laimar da ta daɗe a cikin gilashi ita ke haifar da fumfuna.

Canza gilashi kuwa, kashe kyamara tukuna, juya wa iska baya, bakin kyamarar na kallon ƙasa, ka gama cikin 'yan daƙiƙu. Ɗigon da ke fitowa wuri ɗaya a sama a kowane hoto ƙura ce ta shiga ciki. Hura ta da roba, ba da baki ba. Ko gilashin waje ma hurawa ake fara yi kafin gogewa, don ƙurar hunturu tana karce shi.

A kan tsaunuka irin su Chappal Hendu akwai rugagen Fulani da ke zaune a cikin gandun. Yi sallama, ku gaisa, sannan ka ce, "Baba, in babu damuwa ina so in ɗauki hoton shanu." Mata da yara sai da yardarsu da ta maigida, kuma in an ce a'a, ka sauke kyamara.

Da ka dawo, kwafe hotunan wuri biyu kafin ka goge memori. Wajen gyara, ka tsaya kan haske da yanke gefe, kada ka cika launi har ciyawar rani ta koma ta damina. Kafin ka ɗora hoton cimfanzi ko ɓauna a Facebook ko Instagram, cire bayanin wurin da waya ko kyamara ta liƙa a jikin hoton, ka rubuta sunan gandun kawai ba tare da kwarin ko mashayar ba, domin mafarauta ma suna duba intanet.