Yadda za ka haɗa ambulan ɗin ranar farko

An dame ni da tambaya kan yadda ake haɗa ambulan ɗin ranar farko, wato ambulan mai ɗauke da sabon tambur na wasiƙa da hatimin gidan waya na ranar da tambur ɗin ya fito, to ga shi.

1. Tambayi babban gidan waya na Yamai ranar da sabon tambur zai fito.
2. Tanadi ambulan fari, marar lanƙwasa.
3. Sa kwali siriri a ciki.
4. Je da sassafe ranar, ka sayi tambur ɗin.
5. Manna shi sama, hannun dama. Ruwa kaɗan ya isa.
6. Roƙi ma'aikaci ya buga hatimi a gefen tambur, rabi kan takarda.

Hattara a nan: duba kwanan watan hatimin kafin ya buga. Na taɓa komawa gida da na jiya, aikin ya tashi a banza.

7. Bari tawada ta bushe, kar yatsa ya taɓa.
8. Adana cikin leda, nesa da ƙura da laimar damina.