Ku mayar da adashinku ƙungiya mai rajista

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Masu adashi a unguwa, in kun kai mutum 10, ku je ofishin ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukumarku ku yi rajista. Galibin rance da tallafin gwamnati, irin na Bankin Masana'antu ko shirin NG-CARES na tallafa wa marasa ƙarfi da masu ƙananan sana'o'i, sun fi saurin isa hannun ƙungiyar da ke da takarda.

Kafin ku je, ku zaɓi shugaba da sakatariya da ma'aji, kowace ta tanadi NIN da BVN. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, a ce sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. Littafin zubi kuwa shi ne babban abu. Jami'i zai so ya ga wa ta zuba nawa, yaushe, wa ta karɓa. Mu da muka tafi da lissafi a ka, sai da aka dawo da mu.

Ku sanar da mai unguwa tun farko, wasiƙarsa tana da amfani. Duk wanda ya zo yana neman kuɗin fom a hannu, ku ce ya kawo rasit.