Darasi na 9: Abin da ke ƙarƙashin daɓen jirgin faiba

Duk wanda ya taɓa tsallake gulbin Rima da damina ya san yadda kwale-kwale kan karkata idan mutane suka taru gefe ɗaya. Jirgi mai ciki biyu, wanda ake kira katamaran, ba ya saurin yin haka. Siraran jirage ne guda biyu a jere, an haɗe su da daɓe ɗaya daga sama, ruwa na wucewa ta tsakaninsu. Faɗinsa ne ke hana shi kifewa da wuri.

Irin wanda za mu duba a nan ba da katako ake ƙera jikinsa ba, da faiba ne, irin wanda masu gyaran mota ke liƙe bamba da shi. Zaren gilashi ne da aka yi tabarma da shi, sai danko mai suna rezin, sai hadina mai sa dankon ya daskare. Maƙeri zai shafe mazubi da kakin zuma ko makamancinsa don kada jirgin ya manne, ya fesa fentin waje, sannan ya shimfiɗa tabarmar, ya jiƙa ta da rezin, ya bi ta da rola har kumfar iska ta fita. Ya sake shimfiɗa wata a kai, ya sake bi. Duk inda aka bar kumfa, nan ruwa zai fara ci.

Hadina kaɗan ake sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na yawan rezin. A nan Sakkwato a kula sosai, domin zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, kuma rezin na iya daskarewa a cikin roba tun ba a gama shafawa ba. Da sassafe ake aikin, a inuwa, a dama kaɗan-kaɗan. A rufe hanci, a sa safar hannu, ƙurar faiba na ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau ga huhu.

To, sai abin da ido ba ya gani. Fatar jirgi ita kaɗai ba ta da ƙarfi, tana lanƙwasa. A ƙarƙashin daɓe ake sa dogayen ƙashi daga gaba zuwa baya, a gitta bangwaye da ke raba kowane ciki ɗaki-ɗaki. Idan kututture ya huda ɗaki ɗaya, sauran ba za su cika ba. Maƙera na ƙwarai kan cika wasu ɗakunan da soson da ba ya shan ruwa, ta yadda ko jirgin ya cika ba zai nutse ƙasa ba, mutane su samu abin riƙewa. Nan ne mai son arha ke yin ha'inci, don ya san mai saye ba zai buɗe ba. Wani maƙerin zai sa katakon filawud bai lulluɓe shi da faiba ba, ruwa ya bi ramin kusa ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye alhali fenti na ƙyalli a waje. Wannan abu yana da ciwo, domin mata da yara masu zuwa kasuwar Goronyo ne za su hau.

Kafin a biya kuɗi, a taka daɓen ko'ina da ƙafa. Inda ya yi laushi, akwai ruɓa. A ƙwanƙwasa jikin da ƙotar sukundireba: wuri mai lafiya amonsa kas-kas ne, inda shimfiɗun faiba suka rabu kuwa sai a ji dum-dum. A leƙa inda cikunan biyu suka haɗu da daɓe, da bayan jirgi inda inji ke rataye, nan tsagewa ke fara fitowa. A ɗora jirgin a tudu, a zare toshiyar baya ta kowane ciki, a ga yawan ruwan da zai zubo. Jirgin da ba shi da murfin da za a buɗe a duba ƙasa, a bar wa mai shi abinsa.

Aiki: Ka tambayi wani ɗan fito a mashigin garinku mutum nawa jirginsa ke ɗauka, da rigar kariya daga nutsewa nawa ke ciki. Ka rubuta lambobin biyu a littafinka, ka kawo aji.